Tsohon Unguwarku a Gindin Dutsen Annabi Musa

Zuwa ga Mahaman Lawali, a ƙasar Masar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da turawanka. Mu nan Bromakote, unguwarmu ta Abidjan, lafiya lau, sai ruwan sama da cunkoson motoci, waɗanda ka sani.

Ka ga na rubuta sunanka a sama, cikakke. Shekara ashirin da bakwai ke nan da raɗa maka shi, yau ne farkon fitarsa daga gare ni. Na duba hannuna, bai shanye ba. Ka yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, kafin malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Na sa takardar a shafina na intanet inda kowa zai gani, domin wata uku ke nan ina kiran wayarka tana kuka har ta gaji. Kuma abin da ka yi mini, a gaban mutane ka yi shi.

Bari in tuna maka, ko aiki ya sa ka manta.

Da na gama Umra na biyo ta wurinka, garin nan na bakin teku inda kake yi wa baƙi 'yan yawon buɗe ido jagora. Karatun Larabci ya kai ka Masar, ka ƙare kana cin abinci da Faransancin da ka koya a unguwar Treichville. Ni da na fara da suyar kifin garba, abincin garin rogon nan na bakin titi, kafin in sami rumfar takalma a kasuwar Roxy, wa zan raina wa sana'a? Ka ce gobe da safe za ka kai wasu turawa Dutsen Sinai, inda Allah ya yi magana da Annabi Musa, in ina so in shiga motar. In ina so! Na fiddo babbar rigar da na ɗinka don ranar saukata Abidjan, na kafa hula, na fesa turaren Madina har sai da direba ya sauke gilashi.

Ka zaunar da ni kujerar baya. Na ce ladabi ne, kada rana ta dame ni. Kana tsaye a gaba da abin magana a hannu, kana zuba bayani, turawa ashirin da wani abu suna gyaɗa kai. Ni da na san ka tun kana jiƙa mana tabarma, sai na ji ƙirjina ya cika rigar.

Wurin kuwa, gaskiya ya isa a gani. Tsaunuka jajaye tsirara, ko ciyawar akuya babu, sai ga doguwar katanga a gindinsu, da wata ƙofa da sai mutum ya sunkuya. Ka ce gidan ibadar Kiristoci ne, ya fi shekara dubu ana bauta a ciki. Na ga masu zaman wurin, baƙaƙen riguna har ƙasa, gemu har ƙirji. Ka ce ba sa aure, ba sa haihuwa. Na ce a raina, kaico, bayin Allah, wa zai ɗauki gawarsu? A lokacin tausayinsu nake ji.

Ka nuna mana ɗan masallaci a cikin katangar, kafaɗa da kafaɗa da cocinsu. Ka nuna mana rijiya. Ka nuna mana bishiyar da suka ce a wurinta Annabi Musa ya hango wuta, kuma a gindinta sun ajiye jar tukunyar kashe gobara. Na yi dariya ni kaɗai har hawaye. Turawa na kallon sama, ni ina kallon ƙafafunsu, sana'a ba ta barin mutum. Na ƙirga takalma huɗu da na tabbata jabu ne.

A nan gindin bishiyar ne tsohuwar baturiyar nan mai farar hula ta dube ni, ta dube ka, ta yi murmushi ta ce kama ta yi yawa, wannan babanka ne?

Kafin ka amsa sai da ka kalle ni. Wannan kallon ne ya hana ni sakewa har yau. Ka fara daga silifas ɗin roba, ka hau kan rigar da zufa ta jiƙa, ka tsaya a kan haƙorana na goro. Sannan ka yi 'yar dariya ka ce, "A'a madam, wani tsohon unguwarmu ne a Abidjan, na taimaka masa ya zo ya ga wuri."

Ka san ina jin Faransanci. Shekara arba'in ina ciniki da shi a kasuwannin Adjame.

Ta ce kai yaron kirki ne. Sai ta nemi ɗaukar hotona, sauran ma suka taso. Ni kuma, sakaran tsoho, na gyara hula, na baza hannun riga. Wani ya ce in ɗaga carbi, na ɗaga. Wata ta ce in kalli dutse, na kalla. Yau haka hotona na rataye a wani falo a ƙasar sanyi, tsakanin raƙumi da bishiya.

Ga inda nawa laifin yake, tun kafin wani ya faɗa maka. Da ƙafafuna suka gaji na zauna bakin wani dakali. Wani dattijo cikin masu baƙaƙen rigunan nan ya matsa mini, ya miƙo mini ruwa. Ya nuna ka da haɓa, ya nuna hancina, ya tambaye ni da Larabci ko ɗana ne. Wannan kalmar na san ta. Na buɗe baki, sai na girgiza kai. Rabi don kada in tona maka asiri, rabi don bakina bai saba ba. Dattijon ya daɗe yana kallona, ya dafa gwiwata, ya tashi. Mutumin da bai taɓa haihuwa ba, shi ya koma yana tausayina.

Da yamma, bayan turawa sun sauka, na yi maka magana da Hausa, ka mayar mini da Faransanci, kana kallon wayarka. Ka ce, "Kai ma ai ba ka taɓa cewa ni ɗanka ne ba." Ka tuna mini ranar raba kyauta a makarantarku ta Treichville, da ka zo na ɗaya, aka ce uban yaro ya hau dandamali, na tura Baffanka Ila. Ka ce tun ranar kake riƙe da ita.

Haka aka yi, ban musa ba. Kai ɗan fari ne. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, in an yabe shi sai ya kau da kai. Ubana a Dogon Dutsi har ya koma ga Allah "kai wannan" yake ce mini, kuma ban taɓa kwana ina shakkar ko ɗan wa nake ba. Na ɗauka kai ma ka sani. Na manta a Abidjan aka haife ka, ka tashi kana ganin iyayen abokanka suna rungumarsu a ƙofar lakwal. Ba wanda ya zaunar da kai ya fassara maka. Wannan wautata ce, na karɓa.

Abin da ba ka sani ba, ranar ina tsaye bayan bishiyar mangwaro har aka watse. Washegari littafin da aka ba ka ya yini a rumfata, duk wanda ya zo gwada takalmi sai ya riƙe shi tukuna. Ina ce musu wai na wani yaron gidanmu ne. Duk Roxy ba wanda bai san wane yaro ba.

Amma kada ka haɗa nawa da naka, Lawali. Ni ina ɓoye ka ne don ka yi mini girma a ido. Kai ka duba ƙafata da bakina ka ga ban isa a nuna ba. Da haushin ranar makaranta ne, da ka faɗa mini a ɗaki tun shekarun baya, in ba ka haƙuri. Ba sai ka jira na tsufa, na zo ƙasar da ban san kowa ba sai kai, a wurin da annabi ya tuɓe takalmi, sannan ka rama a gaban baƙi.

Da na dawo, innarka ta tambaye ni ko ka kula da ni. Na ce har kujerar musamman ka ba ni. Wata uku ina ba da labarin tukunyar gobara a majalisa ana dariya, sauran na haɗiye. Yau da safe na gaya mata gaskiya, don kada ta ji a bakin maƙwabta. Shinkafar da ta ɗora dai ta ƙone.

Ba zan yi maka ƙarya in ce na yafe ba. Ina so in yafe, kullum bayan salla sai na gwada, sai kallon nan ya dawo. Ban iya ni kaɗai ba, sai ka taimaka mini. Ba na neman tsaraba, ba na cewa ka bar aikinka. Ka kira ni, ni, ba innarka ba. Ka yi mini magana da Hausarka duk da ta karkace. In faɗa ne mu yi, ina da saura, na san kai ma kana da shi.

Allah ya tsare ka a kan hanyoyin duwatsun nan. Allah ya sa albarka a bakin da kake ci da shi. Allah ya ba ka ɗa, ka kira sunansa tun ranar suna har maƙwabta su gaji da ji. Ranar da aka tambaye shi a gabanka ko kai wane ne, Allah ya sa ya amsa ba tare da ya duba ƙafarka ba. Amin.

Wayata na aljihun gaba, na ƙure mata ƙara.

Ni ne ubanka,
Alhaji Idi mai takalma, Roxy, Adjame.