Gwiwata Ta Ce Ba Za a Yi Dusar Ƙanƙara Ba

Maman Paballo,

Na yi miki alkawarin daina duban yanayi da gwiwata. Yau na saɓa. Bayan fitarki taron matan coci, mahaifiyarki ta tambaye ni ko ta bi motar Ramosa direba zuwa garin Butha-Buthe karɓo maganinta. Tumaki sun sauko daga tudu da kansu, iska ta juyo daga kudu, gajimare ya zauna wa dutse kamar hula. Duk na gani. Amma na shafa gwiwa na ji lafiya lau, na ce, "Ki tafi, Mama, ko ɗigo ba za a yi ba." Ta ce, "Baban Paballo, tumakinka sun fi ka hankali." Na yi dariya, har da ɗaukar mata jaka.

Yanzu Ramosa ya kira. Dusar ƙanƙara ta rutsa da su a kwanar da ke ƙasan mashigar dutse, iska ta tara ta har ƙofar mota, ba gaba ba baya, mai kuma ya kusa ƙarewa. Mama tana da ƙarfinta, don na jiyo ta tana ambaton sunana, ba da yabo ba.

Na tafi da doki, barguna huɗu da burodin da kika turara. Ki ɗora ruwan zafi, kada wuta ta mutu. Faɗan kuma ki ajiye min sai na dawo da ita.

Mokete

Gwiwar ta fara ciwo yanzun nan.