Shimfiɗar tsummoki ta raba ni da jikana

Malama, don Allah ki agaza mini, na rasa inda zan sa kaina. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi furfura na shiga makarantar yamma.

Bara Allah ya ba ni jika na fari, bayan ɗana ya shekara tara da aure shiru. Har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai. Da yaron ya fara rarrafe, na ga simintin ɗakina da sanyi. Wani maƙwabcina ya nuna mini a waya yadda ake yayyanka tsofaffin riguna tishat a kitsa su, su zama shimfiɗa. Na kwashe duk na gidan. Sati uku ina fama, almakashi har ya yi mini kanta, uwargida tana tsokanata wai da tsufana na zama makitsiya.

A waya abin gwanin kyau. Amma wankin farko wata jar riga ta zuba ta rine sauran. Kwana uku shimfiɗar ba ta bushe ba, har ta soma wari. Ga yadin miƙewa yake yi, ƙullin da na yi sai ya riƙa saki. Na gani da idona, na ce gobe zan gyara.

Ranar da suka kawo mini yaron, muna gaisawa da uwarsa, ashe ya zaro tsumma ya cusa a baki. Sai gani muka yi yana kakari, idonsa ya yi ja. Ita ta sa yatsa ta zaƙulo. Ba ta ce mini uffan ba, ta ɗauki ɗanta ta tafi. Yau kwana goma sha tara. In na kira ɗana sai ya ce aiki ya yi masa yawa. An ce yaron ya fara tsayuwa, ban gani ba. Ni kuwa abinci ma ba ya shiga.

In ɗinke shimfiɗar da zare mai ƙarfi ne su ga na gyara? Ko kuwa ni da girmana in je in ba surukata haƙuri?

Kaka mai kewa

Baba, barka da samun jika, Allah ya raya shi. Ƙauna ce ta sa ka wannan aiki, babu mai musu. Amma surukarka ta ga ɗanta yana neman numfashi, kuma kunyarka ta hana ta magana. Tsoro ne ke cinta, ba raini ba.

Kada ka ɗinke shimfiɗar. Yadin tishat ba ya riƙe ƙulli, kuma yaro duk abin da ya zaro baki zai kai. Ka mayar da ita ta goge ƙafa, can inda ba ya zuwa, ka sayi tabarma.

Sannan ka ɗauki uwargida ku je gidansu gobe. Kada ka aiki ɗanka. Ka faɗa mata da bakinka cewa ka ga ƙullin yana saki ka yi sakaci, wannan ne zai kwantar mata da hankali. Kada ka roƙi a kawo maka yaron, ka riƙa zuwa da kanka har ta saki jiki. Girmanka ba zai ragu ba, Baba. Yi hanzari, kada ya fara takawa ba ka wurin. Allah ya daidaita tsakaninku.