Injin Jirgin Baba

Tsallaken Challawa, Kumbotso.

Zuwa ga ƙanena Falalu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zaituna da yara. Na gaji da kiran wayarka, in ka ɗauka ba abin da nake ji sai "Na'am? Na'am?" Shi ya sa na koma takarda.

Injin jirgin Baba ya mutu. Tun daminar bara yake tari yana hayaƙi, bana da aka zo tayar da shi ko motsi bai yi ba. Malam Lawal, mijin nan nawa mai saurin yanke magana, ya ce a sayar da jirgin ga wani Alhaji mai haƙar yashi. Jirgin da Baba ya tsufa yana fiton mutane da shi a kogi, a loda masa yashi kamar jaki? Ba da raina ba. Kuma in kogi ya kawo, mutanen garin nan masu aiki a kamfanonin Challawa da me za su haye? Kafin su zagaya ta gada an rufe ƙofa.

Malam yana kasuwa na sa aka kwance injin, ga shi nan na aiko maka ta hannun wani direban tifa. Kai ne makanike a Sharada, ka tashe shi kafin ruwa ya zo. In bai tashi ba, ba ni da sauran bakin hana ciniki.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Hajjo.

Dakata, Kano.

Yaya Hajjo,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, Zaituna tana gaishe ki.

Wayata lafiyarta ƙalau, Yaya, kunnena ne ya tafi. Ƙarar injinan kamfani ta cinye shi a hankali, yanzu sai na kalli bakin mutum nake gane abin da yake faɗa. An sallame ni daga Sharada tun kafin azumi, wai makaniken da ba ya ji haɗari ne. Na ji ciwon wannan magana ƙwarai, har na kasa gaya miki.

Na buɗe injin a tsakar gida. Ringi ya cinye, fistan ya karce, famfon ruwa kuwa yashi ne cike da shi. Na kai shi Bompai wurin masu gyaran ƙarfe, wani ya rubuta mini a kwali cewa in kai wa 'yan gwangwan. Na ninke kwalin na tokare ƙafar bencina da shi.

Zan tashe shi. Ki daina fushi da Malam, ki dai ci gaba da hana shi.

Ƙanenki, Falalu.

Tsallaken Challawa.

Malam Falalu,

Aminci ya tabbata a gare ka. Bayan gaisuwa da jajen abin da ya sami kunnenka, Allah ya sa kaffara ne.

Yayarka ta nuna mini takardarka, tana tsammanin za ta kunyata ni. Jirgin gadonku ne, ban musa ba. Amma ni ke tuƙa shi, kuma ni za a tambaya ranar da wani abu ya faru. Masu ciki suna shigarsa, masu goyo suna shigarsa. Injin ruwa da kunne ake sanin lafiyarsa, kafin ya mutu a tsakiyar kogi sai ya canza murya. Kai kuwa ba za ka ji ba.

Ba raini ba ne. Ba zan ɗora ran jama'a a kan injin da wanda ya haɗa shi bai taɓa jin kukansa ba. Ka dawo da shi yadda yake, Alhaji yana jira.

Wassalam.
Lawal.

Dakata.

Malam,

Ina gaisuwa, na kuma gode da jaje. Takardarku ta same ni hannuna duk baƙin mai, ku yi haƙuri da tabon da ke jikin wannan.

Maganarku gaskiya ce, amma ba zan dawo da shi yadda yake ba, don ya riga ya tashi. Na sa sabon ringi, na wanke famfo, na tsoma ƙafarsa a duro cike da ruwa na ja igiya. Zaituna ta ce har maƙwabta sun leƙo. Ni ban ji komai ba, sai na kafa kan sukundireba a jikin injin, na ciji ƙotar. Malam, duk abin da yake yi a ciki yana zuwa mini ta haƙori. A haka na gane man ya yi masa yawa, na rage.

Kamfani ya ce na gama, mutumin Bompai ya ce injin ya gama, yanzu ku ma kun ce. To, na ji, ko da yake ba na ji.

An ce kogi ya kawo. Ranar Juma'a zan zo da shi, in ɗaura da hannuna, in haye ni kaɗai. Kun san ban iya ruwa ba, Baba ya yi dukan duniya na ƙi koya. In ya mutu da ni a tsakiya, ku sayar, ku gaya wa Yaya ni na ce.

Ƙanin matarku mai taurin kai,
Falalu.

Bakin kogi, Juma'a.

Falalu,

Salam. Ina tsaye a bayanka ina ta magana ba ka juyo ba, shi ya sa na ari biro.

A tsakiya injin ya canza murya. Na buɗe baki zan yi ihu, sai na ga hannunka ya riga ni kaiwa gare shi. Bai mutu ba, ka haye ka dawo. Yayarka tana can zaune a kan yashi tana kuka tana zaginka.

Na sallami Alhaji. Amma ina nan kan bakana, ba mai goyon da za ta shiga jirgin nan sai na yarda da shi da kaina. Juyo da shi. Ni zan fara shiga, kai za ka tuƙa.

Lawal.