Muryar Inna a Kasuwar Baima

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Guangzhou lafiya lau, ban da takaicin ƙanenmu Nura.

Shekaranjiya ina kasuwar Baima ina zaɓen dogayen riguna, sai na ji waƙa daga wani shago. Mata ne da yawa suke rerawa da ƙarfi, murya kamar guɗa, ga kiɗan disko yana dukan ƙirji. Can tsakiya sai ga muryar marigayiya Inna tana waƙar dakanta! Na ce wa mai shagon ya kashe, sai dariya ya yi ta yi min.

Ashe Nura ne ya tura wa wani abokinsa ɗan Caina, mai haɗa kiɗa, waƙar nan da kika ɗauka a waya. Matan kuwa wai 'yan Bulgeriya ne, waƙar girbinsu ta ƙauye aka ɗora wa kiɗan zamani. Da na tsare Nura, cewa ya yi, "Yaya, ai su ma iyayen wasu ne." Ji min rashin kunya! Matar da ko a biki ba ta ɗaga murya, yau da ita ake tallar wanduna.

Abin da ya fi ba ni haushi, jiya ƙafata ta sake kai ni shagon. Matan nan suna yi wa Inna amshi daidai inda ni da ke muka saba yi mata.

Don Allah kada Baba ya ji. Ki gaida kowa, a sa mu a addu'a, Inna ma a yi mata.

Ƙanwarki,
Rabi