Tutar da Na Sa wa Almakashi

Shiomori, farkon Satumba

Yaya Michiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da Mama. Yaya gwiwarta? Na san can cikin duwatsu kun fara fito da barguna, mu kam a bakin teku har yanzu gumi muke sha.

Yaya, bakina ya ja mini. A taron malamai shugaba ya tambayi wanda zai shirya wani abu don bikin makaranta na Oktoba. Kowa ya sunkuya yana kallon kofin shayinsa, ni kuwa sabuwar malamar kiɗa sai na ji muryata tana cewa za mu yi wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa. Ni da ban taɓa shirya ko na 'yar tsana ba! Kuɗin da aka ba ni ko fenti ba zai saya ba. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, na sani, ba sai kin faɗa ba.

Yaran ne suka tsara labarin: jirgin kamun kifi ya ɓace a teku, gari yana jira, a ƙarshe ya dawo. Wani yaro Genta ne matuƙin, muryarsa tana cika zauren wasanni ba lasifika. Jirgin da akwatunan kifi muka haɗa shi, kuma duk wankin da muka yi ƙarnin bai fita ba. Kayan sawa ne babu. Sai wata ɗaliba, Sumire, ta ce, "Malama, ai kowane gida akwai tutar babban kamu tana barci a durowa." Tutocin nan ne da jirage ke ɗagawa in sun dawo maƙil da kifi, ja da shuɗi da ruwan zinariya. Muka bi gida-gida muka aro. Da su za mu ƙawata dandamali. Wata tsohuwa, Kaka Tome, ta ce in yi yadda na ga dama da tata, kuma ta fi duka haske, don haka ita zan yanka in yi wa Genta riga.

Ki aiko mini da yadda ake yankan riga mai faɗin hannu, da sauri. A tsaye nake cin abinci kwanakin nan, in na zauna sai in tuna wani abu ban yi ba.

Ki gaishe da Mama.
Ƙanwarki, Chitose

Shiomori, ƙarshen Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kun gama girbin shinkafa lafiya. Saƙonki ya iso, na gode, na kuma yi aiki da shi. Da ma ya ɓata a hanya.

Rigar ta yi kyau, wannan ne abin haushin. Ranar Talata Genta yana sanye da ita yana waƙa, sai ga Baba Kumagai, shugaban ƙungiyar masunta, ya kawo mana aron igiya. Ya tsaya a bakin ƙofa, ko takalmi bai gama cirewa ba, ya ƙura wa bayan yaron ido. Ya ce, "Kai Genta, tuɓe wannan. Yanzun nan." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Malama, da wace irin igiya kika sami tutar nan a ɗaure?" Na ce fara. Ya ce, "Kuma kika kwance."

Ashe a garin nan tutar da aka ɗaure da farar igiya ta jirgin da bai dawo ba ce. Sau ɗaya ake fito da ita a shekara, ranar tunawa da matattu, a rusuna mata a mayar. Wannan ta jirgin ɗan Kaka Tome ce. Shi ya sa ta fi sauran haske, ba ta sha rana ba. Yaran ba su gane ta ba, a naɗe suka saba ganinta, kuma ni kaɗai na je gidan. Rashin sani ya fi dare duhu. Sunan jirgin ma na raba shi biyu, na haɗe a ɗinkin baya.

Kafin gari ya waye labari ya zaga. Mahaifiyar Genta ta zo har makaranta ta ce, "Ɗana teku zai shiga in ya gama makaranta, kike sa masa kayan wanda ruwa ya ci?" Ban ga laifinta ba. Baba Kumagai ya aiko aka kwashe sauran tutocin kakaf. Shugaban makaranta ya ce in tsohuwar ba ta yafe ba, babu wasa. Yaran suna zuwa gwaji duk da haka, suna waƙa ƙasa-ƙasa suna satar kallona, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Na sayi alawar jan wake zan kai wa Kaka Tome. Na kai ƙofar gidanta na juyo, na sake komawa na juyo. Tsoro nake ji, Yaya. Me ake ce wa uwa bayan an sa wa abin da ya rage mata almakashi?

Kada ki gaya wa Mama.
Chitose

Shiomori, tsakiyar Oktoba

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki yi haƙuri da shiruna, hannuna ne bai zauna ba sai yau.

Na shiga gidan. Na durƙusa, goshina a tabarma, na fara jawabin da na haddace. Ta katse ni ta ce, "Ke, tashi, kina tare mini iska. Ina rigar?" Na miƙa mata. Ta juya ta, ta shafa sunan, ta ce, "Wa ya koya miki ɗinki? Ya cuce ki." Ki ji fa, Yaya, da ke take. Sannan ta ce, "Kina tsammani ban san aikin almakashi ba da na ce ki yi yadda kika ga dama? Kowace shekara a fito da ita, a yi mata fuskar makoki, a mayar. Yaron nan nawa hayaniya yake so. Waƙa yake yi kamar an taka wutsiyar kyanwa, ba ya kuma bari."

Ta je da kanta wurin shugaban makaranta, aka ce a yi wasa. Amma Baba Kumagai bai sauko ba: babu ɗan garin da zai sa rigar, tutoci kuma ba za su dawo ba. Kaka Tome ta riƙe rigar a wurinta. Genta ya sa tsohuwar rigar ruwan babansa, dandamali ya tsaya tsirara.

Ranar biki zaure ya cika, har da masu zuwa ganin yadda za mu ji kunya. Labule ya maƙale, Sumire ta manta baiti ta ƙirƙiro nata, ni kuma ina ta kaɗa fiyano. Muka dai lallaɓa har waƙar ƙarshe, inda jirgi ke dawowa. Yara suka turo akwatunan kifi, Genta a tsaye a kai, sandar tuta ba komai a jikinta. Kin san jirgin da ya shigo ba tuta, hannu wofi ya dawo. Na ji zauren ya yi sanyi.

Sai na ga motsi a layin gaba. Kaka Tome ce ta miƙe, ta zaro rigar daga jakarta, ta kama hannuwan biyu ta ɗaga sama iya tsawonta, wanda ba shi da yawa. Sunan jirgin ɗanta yana kallon jama'a, da karkataccen ɗinkina a tsakiya. Ta buɗe murya ta ce, "Sannu da dawowa! Ka daɗe!"

Na rasa inda nake a waƙar, yaran suka ci gaba ba ni. Hannunta ya fara gajiya, rigar tana sauka. Baba Kumagai ya taso daga kujerarsa, na ce shi ke nan, zai karɓe. Sai ya kama hannun riga ɗaya ya ɗaga, yana kallon gefe, fuska a murtuke, har aka gama.

Da aka watse ta kawo mini ita bakin fiyano. Na tambaye ta ko in nemo farar igiya. Ta ce, "Ki rataye ta inda yaran nan suka fi ihu. Wanda ya sake naɗe ta, ni da shi ne."

Tana nan a bangon ɗakin kiɗa. Gobe za a share zaure, ƙarnin kifi dai ban san ranar fitarsa ba. Yanzu kina iya gaya wa Mama.

Taki har kullum,
Chitose