Zif a Hannun Zaki

Fagge, Kano,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Hajja, uwar 'ya'yana, sanyin idanuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ga gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta taso daga ƙofar shagona, ta ratsa Wudil da Potiskum da Damaturu ba ta nemi inuwa ba, har ta zo ta durƙusa a gabanki a Maiduguri. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Inna? Allah Ya sa kaffara ne, Ya ba ta sauƙi mai ɗorewa, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Ki gaishe ta da kyau, ki ce surukinta yana yi mata addu'a bayan kowace salla.

Ki gafarce ni da na kutso miki da doguwar takarda alhali hannayenki suna tsakanin kunu da magani. Na san mai jinya ba ta da sararin karatu. Amma kin san halina: a waya harshena harɗewa yake yi, musamman idan muryarki ta hau sama, alƙalami kuwa bai taɓa yi mini gardama ba. Kafin in shiga magana, karɓi abin da keken ɗinki ya rera mini jiya:

Gida ba Hajja, ɗaki ne kawai,
Tuwo ba Hajja, gari ne kawai,
Ni ma ba Hajja, tela ne kawai.

Mu dai lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Aiki yana shigowa, ruwan famfo ya dawo, kazarki ta ƙyanƙyashe. 'Yarmu Mahbuba tana riƙe da gida yadda kika koya mata, sai dai tun ranar da kika bugo waya abinci ya rage shiga bakinta. A kan wannan wayar nake rubuto miki.

Kin ce in aika wa Alhaji Akeem na Sabon Gari cewa kada mutanensa su kawo kayan sa rana, domin ba za ki ba dabba 'yarki ba. Ban aika ba tukuna. Na roƙe su su ɗan jinkirta, na ce uwar yarinya tana jinya, kuma ban faɗi ƙarya ba.

Bidiyon da ƙanenki Abdulnasir ya turo miki guda biyu ne aka haɗe. Na farkon na wasu mutane ne na ƙasashen nesa, masu sa kunnuwa da wutsiya suna rarrafe, suna cewa su a zuciyarsu kyarkeci ne ko kyanwa, siffar mutum kawai aka ba su. Na biyun kuwa Taofeek ne, manemin 'yarmu, a Kasuwar Singa. Kin san mahaifinsa, Alhaji Akeem, dillalin biskit ne, kuma akwai hoton zaki a jikin kwalin. Shi ne yaron ya sayo rigar zaki cikakkiya, da geza da dagi da wutsiya, yana shiga cikinta yana rawa a ƙofar rumfa don talla. Wani maras aikin yi ya liƙa wannan a bayan wancan, ya rubuta cewa abin ya iso Kano.

Da ma tun kafin haka majalisar ƙofar shagona ba ta da zance sai na mutanen nan. Hambali mai aski ya rantse cewa iska ce, ruƙiyya kawai suke buƙata, in kuma ta ƙi, a ɗaure su a turke a zuba musu dusa har su tuna sunan ubansu. Chibuike, wanda nake sayen zare da maɓalli a wurinsa a Sabon Gari, ya ce shi ba ya musu da kowa, amma duk wanda ya ce shi rago ne, to ya zo Kano ya maimaita ana gobe Babbar Salla. Aka yi dariya har mai shayi ya zubar da madara. Da aka nemi bakina, sai na ce ni abin da ke ɗaure mini kai daban ne: a garin nan mutum yakan cika aljihun maroƙi don a kira shi zaki, a kira shi giwa, a kira shi bajimi, yana tafe yana hura hanci, babu mai cewa a kira malamin ruƙiyya. Ban ce na yarda da mutanen nan ba, domin Allah Ya karrama ɗan Adam, kuma ban ga dalilin mayar da kyauta ba. Na dai ce mai yiwuwa mutane ne suka gajiyar da su har suka nemi mafaka a wajen dabbobi. Hambali ya ce waƙa ta cinye mini hankali.

Ba zan ɓoye miki ba, Hajja, ni ma hankalina ya tashi da na kalli ƙarshen bidiyon. Maganar da kika ji Taofeek ya yi, shi ya yi ta, ba a ƙara masa ba: ya cire kan zakin yana gumi, ya ce a cikin rigar nan ya fi jin daɗin ransa, har wani lokaci yakan ji kamar shi ne zakin. Na yi ta juya wannan magana ina ɗinki, har na ɗora wa wani bawan Allah aljihu a baya.

Ana nan sai ga shi ranar Litinin da hantsi, ya shigo shago da buhu a kafaɗa. Ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa yadda mutanensu suke gaida manya, ya kira ni Baba, sa'an nan ya zazzage zakin a kan teburin yanka. Na zaci ban haƙuri ya kawo, ashe aiki ya kawo. Cikin i'inar nan tasa ya roƙe ni in tsaga hannayen rigar daga dagi har sama da gwiwar hannu, in tsaga ƙafafun har sama da idon sawu, in sa wa kowanne zif. Na tambaye shi dalili. Ya ce rigar a haɗe take tun daga wuya har ƙasa, sai an samu mai taya shi kafin ya fita daga cikinta, kuma kafin a gama fitar da shi ya yi alwala, an sallame sallar azahar. Ya ce rasa jam'in nan ya dame shi ƙwarai.

Na ajiye almakashi na tambaye shi batun maganar da ya yi. Ya ce tun yana yaro mutane ba sa jira ya ƙarasa magana, su suke ƙarasa masa, sau da yawa da abin da bai nufa ba. A cikin zaki kuwa babu mai jiran ya yi magana, yara suna rugowa su rungume shi, har 'yan dako sukan tsaya su tafa. Ya ce ya ga bidiyon mutanen can, kuma bai iya yi musu dariya ba, don yana jin ya san gefen abin da ke damunsu. Amma ya ce zaki ba a ɗora masa salla ba, ba a ɗora masa ciyar da iyali ba, shi kuwa duka biyun yake so a ɗora masa. Bai yi i'ina ko ɗaya a wannan jimlar ba.

Hajja, na tsufa ina awon mutane. Ban iya karanta zuciya ba, amma na san abin da mutum ya ce a yi wa rigarsa yakan tona shi: wani ɓoyayyen aljihu yake so, wani a faɗaɗa masa kafaɗa da soso. Wannan yaro hanyar da ruwan alwala zai kai ga fatarsa ya nema. Na sa masa zif huɗu masu ƙarfi, na kuma mayar da wutsiyar mai cirewa, da wani ƙaton maɓalli da Chibuike ya bayar kyauta, wai gudummawarsa ta biki.

Jiya na ja Hambali muka je Singa don in ga aikina. Ladan yana kira, zaki ya zauna a kan kwali, ya ajiye kansa a gefe, ya zuge hannaye da ƙafafu, ya ɗauki buta. Ya ɓalle wutsiya ya rataye a ƙusa, ya zura jallabiya, ya shiga sahu tun kafin a tayar da iƙama. Kafaɗarsa tana gogar tawa. Da muka fito muka kai Titin Ibrahim Taiwo, sai Hambali ya ce har yanzu yana nan a kan bakansa game da mutanen can, amma wannan zakin a bar masa askin angwancinsa.

Saura magana ɗaya, kuma da murmushi nake rubuta ta. Kin tuna shekarar aurenmu, da guza ya shigo madafa na ɗauko taɓarya? Kika tare ni da hannu biyu, kika ce a gidanku ba a dukansa, ba a cinsa, Kaka kuke ce masa. Kika ajiye masa ruwa a kasko, kika yi masa sannu da zuwa. Ban ruga wurin kowa na ce na auro jikar guza ba. Na dubi sallarki, da kunyarki, da yadda kike riƙe mutane, na gode wa Allah, kuma har gobe ina godiya.

Duk da haka, 'ya taki ce kamar yadda take tawa. Idan kin karanta kin ce a'a, da ƙafata zan je Sabon Gari in faɗa, ba zan aiki kowa ba. Idan kuwa zuciyarki ta sauko, mutanen Alhaji Akeem a shirye suke, goro kawai suke jira a ce su saya.

Direban da ya kawo miki wannan takarda, tare da atamfar Inna, zai juyo ranar Asabar. Ina roƙonki, don girman Allah, ki rubuto amsa da hannunki ki ba shi, ko da layi biyu ne, kada ki bari ya taso hannu wofi. A rubuce nake so, don in miƙa wa Mahbuba ta karanta da idonta, ko ta koma cin abinci. In kuma Kaka ya leƙo tsakar gida kafin ki rubuta, ki yi shawara da shi.

Wassalam. Naki har kullum,
Sammani Tela.