Ƙafar da Za a Wanke

Erdington, Birmingham

Ƙanwata Justina,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya aikin asibiti, yaya sanyin Manchester? Takarda na rubuto don in a waya ne ba za ki bar ni in kai ƙarshe ba.

Sabuwar fastonmu, Baturiyar nan Helen, ta ji wani tsohon labari da ya hana ta sakat. Wai da can, lokacin da mutanen Jamaika suka fara zuwa, faston cocinmu kan tsaya a bakin ƙofa ya ce musu su nemi wani wurin, zuwansu na damun jama'a. Yanzu tana so a yi sujadar tuba ran Alhamis ɗin da ke gabanin Ista. Za ta durƙusa da daro ta wanke ƙafar baƙar fata ɗaya a gaban kowa, shi kuma ya ce an yafe. Da yake ni kaɗai ne baƙi a kwamiti, ni ta roƙa. Kafin ta rufe baki na ce ba komai.

Tun ranar na kasa zama wuri guda, ban san dalili ba. Kin dai san a watan nan kwamiti zai duba ko zumuntarmu ta Hausa za ta ci gaba da amfani da zauren coci ran Lahadi da rana. Ba lokacin ɓata wa kowa rai ba ne. Ki zo ki ga yayanki.

Naki,
Manasseh


Oxford Road, Manchester

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi, a gaida Maman yara. Ladabin ya ƙare nan.

Kai aka kora a ƙofa? Lokacin ko Baba bai yi aure ba. Kai da ka sauka jiya jiya da bizar aiki, aka ba ka shayi da biskit ran farko, kai za ka yafe? Na san halinka, ko ƙafarka aka taka a bas kai ke fara cewa sannu.

Mu ma an yi irinta a nan. Aka durƙusa a harabar coci, aka ɗauki hoto, har na yi hawaye, wauta ta. Har yau in ana neman mai wanke kofi Justina ce, in ana neman mai karanta Littafi sai a manta sunana.

Ka tuna yadda ake yi a gida Kagoro. Wanda ya yi laifi shi ke tashi, ya nemi dattijo ya raka shi gidan wanda ya ɓata wa, ya tsaya a ƙofa har a ce ya shigo. Ba a aika wa mutum ya zo gidanka ya karɓi haƙuri, balle a ba maƙwabcinsa. A cikin waɗanda aka kora, babu mai rai ne? Ka tambaya kuwa?

Ƙanwarka da ba ta jin magana,
Justina


Erdington

Justina,

Gaisuwa. Na karanta, na ji haushi, na jefa takardarki bayan firij. Washegari na zaro ta.

Akwai mai rai. Sunansa Gamaliel, tsohon direban bas, yana wani flat ɗin council, gidan hayar hukuma, a unguwar Ladywood. Na je. Ya kusa casa'in, amma idonsa tar. Ya ce shi da matarsa sun je cocinmu ne da jaririyarsu don a yi mata baftisma, sun yi mata farar riga. Faston ko jaririyar bai kalla ba, ya mai da su daga ƙofa. Har matar ta rasu ba ta ƙara bi ta wannan titin ba. Da na faɗa masa zancen daro sai ya dubi takalmina ya ce, "To Allah ya sa ruwan da ɗumi." Justina, da ƙasa ta tsage da na shige.

Na kai maganar kwamiti. Na ce mu tafi Ladywood, mu duka. Fuskar Fasto ta yi ja. Ma'aji ya ce an riga an buga tsarin sujada, bishop ma zai zo. Sannan ya yi murmushin nan nasu, ya ce af, batun zaure ma akwai masu ƙorafin ƙarar tulun da muke kiɗa da shi.

Labari ya kai zumunta. Delight, shugabar mata, ta tare ni a bakin mota ta ce, "Baba Manasseh, ka cire takalmi minti biyu kawai. In aka kore mu, ina tsofaffinmu za su yi addu'a da Hausa? Shi ɗan Jamaikan ne zai ba mu ɗaki?" Mu muka yi wa zauren nan fenti da hannunmu, a ciki muka yi makokin mijinta. Ke kin faɗi taki daga nesa. Tsoro nake ji, ki faɗa mini abin yi.

Manasseh


Manchester

Yaya,

Sannu da fama. Bakina ya yi kaifi, na sani, kuma ba ni zan rasa wurin sujada ba. Maganar Delight ma gaskiya ce, shi ya sa na yi ta juya ta a raina har na wuce inda zan sauka a bas. Ba zan faɗa maka abin yi ba. Ran Alhamis ina aiki, sun hana ni canji. Duk abin da ka yi, ka rubuto da kanka kafin in ji a bakin wani.

Allah ya riƙe ka,
Justina


Erdington

Ƙanwata,

Salama. Ban cire takalmin ba. Ran Alhamis, Fasto na durƙushe a gabana da tawul, na miƙe na ce ba ni aka yi wa ba, mai shi yana Ladywood, ni dai zan iya rakiya.

An karɓe mana zaure, daga wata mai zuwa. Wai za a yi gyara. Delight ba ta amsa gaisuwata.

Ran Asabar na raka Fasto da wasu tsofaffi mata biyu, su kaɗai suka fito. Gamaliel ya buɗe, ya bar mu tsaye. Fasto ta faɗi abin da aka yi masa ɗaya bayan ɗaya, ba ta rage ba. Ya leƙa bayanmu ya ce, "Sauran fa?" Ta ce za ta yi ta dawowa har ta kawo su.

Bai ce ya yafe ba. Ya ce mu shigo mu rufe ƙofa, muna fitar masa da ɗumin ɗaki.

Yayanki,
Manasseh